Babi na Tara: Allurar Testosteron da Jinin da Ya Yi Kauri

Daga watan Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, babu maganar da ta fi fita daga bakin ma'aikatan lafiya a ƙasar Mayahi da Tasawa kamar "a nemo jini". Lokacin ne gero ya fid da kai amma bai gama nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, tabkuna sun cika, sauro ya samu wurin hayayyafa. A Sarkin Hausa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, uwa za ta goyo yaron da ya kwana biyu yana zazzaɓi ta kawo shi likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ja fatar idon yaron ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa, ya duba harshe. In ya ga duk sun yi fari fat, ba ya ɓata lokaci, takarda zai rubuta a wuce asibitin gunduma a Mayahi, a kan kabu-kabu ko amalanke ko duk abin da ya samu. Can kuma sai a shiga duban dangi. Uba ya naɗe hannun riga, kawu ya naɗe, baffa ya naɗe, a gwada jinin kowa a ga wanda ya dace da na yaron.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a matsayin kyauta. Sai dai doka ba ta haifar da jini, kuma har yau babu masana'antar da ke haɗa shi, dole wani ɗan Adam ya miƙa hannunsa. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya gano kashi 73 cikin 100 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini, mata kuwa kashi 46. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu arziki ana samun gudummawar jini 31.5 a cikin kowane mutum 1,000, a ƙasashe matalauta kuwa 5 kacal, kuma a waɗannan ƙasashe matalautan har kashi 54 cikin 100 na jinin da ake ƙarawa, yara ƴan ƙasa da shekara 5 ake ƙara wa.

A irin wannan ƙasa, in ka ce akwai mutumin da damuwarsa ita ce jini ya yi masa yawa, sai a ɗauka wasa kake. To akwai shi. A ƙauye bai yawaita ba tukuna, amma a Maraɗi da Yamai da Katsina da Kano ana samun sa: magidanci ɗan shekara 50 ko 60, galibi mai ɗan hali, wanda ake yi wa allurar testosteron, ko kuma saurayi mai ɗaga ƙarfe da ke son ƙirjinsa ya buɗe da wuri. Wanda ya san yadda magani ke tafiya daga Kano zuwa Jibiya, daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ya san abin da ya shigo birni bana, baɗi yana kan tebur a kasuwar ƙauye. Shi ya sa ban ga gaggawa ba in an yi wannan magana tun yanzu da mutanen Sarkin Hausa.

Testosteron sinadari ne da ƴaƴan maraina ke sarrafawa bisa umarnin wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke sa muryar yaro ta buɗe in ya balaga, gemu ya tsiro, ƙwanji ya fito, sha'awa ta motsa. Mata ma suna da shi, amma kaɗan. Neman sa a kwalba ya daɗe. A 1889 wani babban masanin jikin ɗan Adam a birnin Paris, Charles-Édouard Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya tatsi ruwan marainan kare da na ɓeran masar ya yi wa kansa allura, ya fito gaban takwarorinsa ya ce ƙarfinsa ya dawo. Duniya ta ɗauka, aka yi ta saye. Da aka auna irin wannan ruwa daga baya, sai aka tarar sinadarin da ke ciki bai kai ya yi wa mutum komai ba. Dattijon bai yi ƙarya ba, abin da ya ji a jikinsa ya faɗa, amma abin da mutum ke ji daban, abin da awo ke nunawa daban. Sai a 1935 Ernst Laqueur da abokan aikinsa a Amsterdam suka tace ainihin sinadarin daga marainan bijimai, kuma a shekarar ce Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin bincike, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta 1939.

Akwai mazan da ke buƙatar wannan magani da gaske, kuma bai kamata a tsorata su ba. Wanda hangum ya sauko masa maraina bayan ya balaga, wanda ya ji rauni a wurin, wanda aka haifa da matsalar, wanda ƙullutun nan na ƙwaƙwalwa ya lalace masa, da wasu masu sikila, duk jikinsu na iya kasa samar da abin da ya ishe su. Irin wannan mutum in aka maye masa gurbin abin da ya rasa, rayuwarsa kan gyaru. Amma ba a gane shi da ido, ba a kuma gane shi da ƙorafi kaɗai. Sai an ɗebi jini da safe, lokacin da sinadarin ke kan ganiyarsa, an auna, an sake aunawa wata rana daban, sannan a haɗa sakamakon da alamun da ke jikinsa. A nan ne ake yawan tsallake mataki. Namiji in ya ga rauni a shimfiɗa, abin da ya fara zargi basir ne, ko sanyi, ko shan zaƙi, kuma kunya ba ta barin sa ya zauna gaban likita ya faɗi abin dalla-dalla. Alhali sau da yawa tushen abin ciwon sukari ne da bai san yana da shi ba, ko hawan jini, ko teɓa, ko rashin barci, ko damuwar bashi da cefane. Akwai kuma tramol, wanda samari da yawa ke haɗiya don su jure noma da dako da tuƙin kabu-kabu: shi da ire-irensa suna danne testosteron ɗin da jiki ke yi. Mutum ya sha ƙwaya ta kashe masa ƙarfi, ya je ya sayi allura don ta dawo da shi, alhali barin ƙwayar ne maganin.

To me ya haɗa wannan allura da jini? Jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargo ake ƙera su, kowace ta yi kwana 120 tana ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki, sannan ta mutu wata ta gaje ta. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙara ko ya rage, ta hanyar wani sinadari mai suna eritropoyetin. Hanta kuma tana fitar da wani mai suna hepsidin, wanda aikinsa taƙaita yawan sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa daga abinci. Testosteron yana taɓa duka biyun: ya sa ƙoda ta ƙara saƙo, ya kuma danne hepsidin ƙarfe ya shigo da yawa. Ga umarni, ga kayan aiki, ɓargo kuwa sai ya duƙufa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jinin namiji ya fi na mace yawan jajayen ƙwayoyi tun daga balaga. Likitoci sun daɗe da sanin haka, har ma kafin a samu eritropoyetin na allura a 1989, da dangin testosteron ake ɗaga jinin masu ciwon ƙoda. Ga mai ƙarancin jini wannan alheri ne. Ga wanda jininsa cike yake tun farko, ƙarin da aka yi masa ba shi da inda zai zuba.

Awon abin ba shi da wuya, kuma ba sai an je Yamai ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai soki ɗan yatsa ko ya ɗebo daga jijiya, ya cika wani siririn bututun gilashi da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba, ya toshe gindinsa da ɗan danƙo, ya sa a injin da ke wulwula shi na minti 5. In ya ciro ya ɗaga sama, za ka ga jinin ya rabu uku. A ƙasa jajayen ƙwayoyi sun taru sun yi duhu. A samansu wani siririn zare fari-fari, nan fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta suke tare da ƴan ƙananan da ke daskarar da jini in an ji ciwo. Can sama kuma ruwa ne garai-garai mai launin fatsi-fatsi. Sai ya ɗora bututun a kan ma'auni ya karanta kashi nawa cikin 100 jan ya cinye. Wannan adadi shi ne hematokirit. A takardun asibitocin Nijar za ka gan shi cikin gwajin da ake kira NFS, a Najeriya kuma PCV suke rubutawa. Na lafiyayyen namiji yakan tsaya tsakanin 40 da 50, na mace ƙasa da haka kaɗan. Yaron nan da aka kawo daga ƙauye yana numfashi sama-sama, nasa kan faɗo 15 ko ƙasa, jan da ke bututunsa ɗan guntu ne a gindi. Mai allurar testosteron da ba a bibiya kuwa nasa na iya haura 54, har ya doshi 60, ruwan da ke sama ya zama shi ne ɗan guntun.

Duk macen da ta taɓa dama kunu ta san bambancin mai ruwa-ruwa da wanda gari ya yi wa yawa: na farko yana bin ludayi, na biyu sai an karkaɗe. Haka jinin da ƙwayoyi suka yi wa yawa yake tafiya da nauyi a cikin ƙananan jijiyoyi, zuciya na turawa da wahala, kuma ya fi saurin yin guda a inda bai kamata ba. Gudan in ya tsaya a ƙafa, ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi. In ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗau ciwo. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Wasu kan ji alama kafin nan, ciwon kai, jiri, jan ido, gani dishi-dishi, ƙara a kunne. Da yawa ba sa jin komai, ƙarfi ma suke ji. Kada kuma a haɗa wannan da hawan jini, ciwo biyu ne mabambanta ko da yake sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Abin da ake ɗaura wa mutum a damtse a hura ba ya nuna kaurin jini, sai an ɗiba an auna.

Ƙasarmu kuma tana da nata ƙarin. A watan Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40, gumi na zuba, ruwan jiki na raguwa, jinin ya ƙara tsukewa. In azumi ya faɗo cikin bazara abin ya ninka. Ga sigari da shisha, ga mai ƙiba da ke minshari har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ga direban da ke yini zaune daga Maraɗi zuwa Yamai, ga alhajin da zai naɗe ƙafa awanni a jirgin Umra. Kowane ɗaya daga cikinsu ko dai yana ƙara kaurin, ko yana ba gudan jini damar taruwa.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce kada a fara ba mutum testosteron in hematokirit ɗinsa ya wuce 48, ko 50 ga mazauna kan tsaunuka. In an fara, a sake awo bayan wata 3 zuwa 6, sannan duk shekara. In ya wuce 54 a dakatar da maganin har ya sauko, a bincika ko akwai matsalar huhu ko ɗaukewar numfashi cikin barci, sannan a dawo da ƙaramin adadi. Hawan yakan fara tun watan farko, ya ci gaba cikin shekarar farko, kuma ya fi tsanani ga dattawa. Ya kuma danganta da irin maganin. Allura mai saurin aiki, irin Androtardyl da aka sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci ko Sustanon 250, takan cilla sinadarin sama a kwanakin farko kafin ya sauko, kuma ita ta fi kaurara jini. Wanda ake shafawa a fata kullum bai kai ta ba. Akwai kuma Nebido da ake yi duk mako 10 zuwa 14.

Ba na son a ɗauka maganin guba ne. Babban gwajin da aka kira TRAVERSE, wanda aka wallafa a 2023, ya bi maza sama da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80 a Amurka, duka masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi, bai kuma ga ƙarin bugun zuciya ko shanyewar jiki ga waɗanda aka ba testosteron ba, ko da yake an ga ƙarin gudan jini a huhu da rikicewar bugawar zuciya da raunin ƙoda. Amma a duba su waye aka gwada: mutanen da aka tabbatar da ƙarancinsu ta awo, aka ba su na shafawa, ana auna jininsu a kai a kai, ana rage adadi da zarar ya haura. Wanda ke zuwa bayan shago a soka masa kwalba guda duk mako ba ya cikin wannan lissafi. Wani binciken kuma na 2022 a Amurkan ya nuna mazan da hematokirit ɗinsu ya kai 52 a shekarar farko ta magani sun fi sauran gamuwa da ciwon zuciya da gudan jini.

Daga nan ne shawarar nan mai daɗin ji ke shigowa. Abokai a majalisa, ko wani a Facebook, ko shi kansa mai yin allurar, zai ce: "Alhaji, ai abin mai sauƙi ne. Duk wata uku ka je ka ba da jini. Ka rage nauyi, ka kuma samu lada." Wa zai ƙi? Ga yara na mutuwa saboda rashin jini, ga mai rarar jini. Kamar an gama magana.

An gwada, kuma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A 2017 masu bincike a Kanada suka wallafa abin da suka gani a wasu cibiyoyin karɓar jini na ƙasar cikin shekara 2. Sun bi maza 39 masu amfani da testosteron da ke zuwa ba da jini. A kashi 25 cikin 100 na zuwan da suka yi, an tarar jininsu ya kai ko ya wuce iyakar nan ta 54. Cikin 27 da suka riƙa dawowa, 12 sun ci gaba da zuwa da jini mai kauri duk da ɗibar da ake yi. Dalilin a fili yake. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, leda guda kuwa mililita 450 ce, tana sauke hematokirit da maki 3 ko kusa da haka. Cibiyar jini ba za ta sake karɓar namiji ba sai bayan wata 3. A tsakanin nan allura na ci gaba da shiga, ƙoda na ci gaba da aika saƙo, ɓargo ya mayar da abin da aka ɗiba har da ƙari. Mutumin kuwa hankalinsa kwance, yana ganin ya yi maganin abin, har ya daina zuwa awo. Ni wannan kwanciyar hankalin ce ta fi ba ni tsoro.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Kowace leda tana fita da miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ƙarfe, jiki kuwa miligiram 1 ko 2 yake tsotsa a rana in ba a matsa masa ba. Abincinmu na gero da dawa da wake yana da ƙarfe, amma irin wanda hanji ke shan wuya kafin ya tsotsa, shayin da muke kurɓa bayan cin abinci kuma yana ƙara hana shi shiga. Mai testosteron tun farko ɓargonsa na cinye ajiyar ƙarfen da ke jiki. In aka haɗa da ɗiba a kai a kai, ajiyar ta ƙare, sai ka ga mutum da jini mai kauri amma ga kasala, ga ciwon kai, ga rashin kuzari, wato ainihin abin da ya kai shi neman allurar tun farko. Sai ya ce maganin ne ya yi masa kaɗan, ya ƙara. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wannan ba ya nufin ba a taɓa ɗibar jini don magani. In adadin ya yi sama ƙwarai, ko alamu sun bayyana, likita na iya sa a ɗebi leda guda nan take don a sauke haɗarin. Amma yana yin haka ne tare da gyara tushen: ya dakatar da allurar, ko ya rage ta, ko ya raba ta ƙanana-ƙanana, ko ya mayar da mutum kan na shafawa, ya kuma nemi sauran dalilan. Yana da kyau ma ya duba sauran layukan takardar. In fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ma sun hau tare da jajayen, to wataƙila ba allurar ba ce kaɗai. Akwai ciwon ɓargo da ke sa shi ƙera ƙwayoyi ba ƙaƙƙautawa, wanda a 2005 aka gano canjin ƙwayar halittar da ke haddasa shi, mai suna JAK2. Mai wannan ciwo ana ɗibar jininsa har ya sauka ƙasa da 45, kuma ba a ƙara wa kowa jinin.

Na san wani zai ce, ai mu mun riga likitoci sanin rage jini, ga ƙaho. Gaskiya ne wanzami ya daɗe a cikinmu, kuma ƙaho yana da matsayinsa a al'ada da addini, ba ni da niyyar taɓa wannan. Amma a dubi abin da ke fita. Wanzami ya kafa ƙahon a doron mutum, ya zuƙe iska da baki ya toshe ƴar kafar, fata ta taso. Ya cire, ya yi ƴan tsaga da aska, ya mayar. Bayan ɗan lokaci ya ɓalle ƙahon ya juye wani baƙin guda a cikin ƙasa, mai ƙaho ya leƙa ya ce, "Kai, dubi mataccen jinin da ke jikina." Jinin nan lafiyayye ne, fitowa ya yi ya daskare kamar yadda kowane jini ke yi in ya bar jijiya. Yawansa kuma bai kai ya sauke hematokirit daga 56 zuwa inda ake so ba, ba kuma wanda ya auna kafin ko bayan. Sannan wanda aka yi wa tsaga kwanan nan, cibiyoyin jini kan ɗage karɓar nasa na wasu watanni, saboda askar da ta taɓa wani na iya ɗauko ciwon hanta.

Wannan ya kawo mu ga haƙƙin wanda za a ƙara wa jinin, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da shi a wannan magana. Cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Yamai da reshenta na Maraɗi, da ɗakunan jini na asibitocin gunduma, suna gwada kowace leda don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Amma cutar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓuya wa gwaji na kwanaki ko makonni. Shi ya sa ake yi wa mai bayarwa tambayoyi kafin a soka masa allura, kuma amsarsa ta gaskiya wani ɓangare ne na kariyar. Wanda likita ya rubuta wa testosteron, ake yi masa da sabuwar allura a asibiti, a ƙasashe da yawa ba a hana shi ba da jini. Wanda yake saye a ɓoye ana soka masa a ɗakin ɗaga ƙarfe ko a bayan shago kuwa, ƙasashe da yawa ba sa karɓar jininsa. Wasu cibiyoyi a Amurka ma, in mai testosteron ya ba da jini, jajayen ƙwayoyin kawai suke ɗauka su bar ruwan, don a ruwan ne sinadarin ya fi zama. A yawancin ƙananan asibitocinmu jinin gaba ɗayansa ake ɗaura wa majinyaci, kuma majinyacin nan sau da yawa yaro ne mai kilo 10 ko mace mai ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ma'aikacin ya tambaye ka, "Malam, kana shan wani magani ko ana yi maka wata allura?", ka faɗi sunanta da ranar da aka yi maka ta ƙarshe, ka bar shi ya yanke hukunci. In ya ce a'a, bai wulaƙanta ka ba, yaron wani ya kare.

Akwai abu guda da ba na jini ba ne amma ba zan wuce shi ba, don na san darajar haihuwa a wurinmu. Testosteron na allura yana rage ƙwayoyin maniyyi, har ya kan tsayar da su. Ƙwaƙwalwa in ta ga sinadarin ya wadata a jini sai ta daina aika wa maraina umarni, su kuma su daina aiki, har su ƙanƙance. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta gwada shi a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma a sakamakon da aka wallafa a 1990, kusan biyu bisa uku na mazan da ake yi wa allurar duk mako ƙwayoyin maniyyinsu sun ɗauke gaba ɗaya cikin wata 6. Yawanci sukan dawo in an daina, amma bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ango da ya sayi allura don ya burge amarya, in shekara ta zagayo babu ciki, ita za a fara kai wa wurin masu magani, ita dangi za su sa wa ido, alhali matsalar na cikin aljihunsa.

Jinin da ƙasar Mayahi da Tasawa ke nema yana jikin dubban lafiyayyun mutanen da ba su taɓa jin sunan testosteron ba. Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, awonsa ya nuna yana da isasshen jini, zai iya bayarwa ya koma harkarsa, namiji duk wata 3, mace duk wata 4. Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ake bikin masu ba da jini na duniya, ranar haihuwar Karl Landsteiner wanda ya gano rukunonin jini a 1901, kuma a ranar akan samu masu miƙa hannu da yawa a birane. Sai dai ledar jini kwana 35 take yi a firiji ta lalace. Wanda aka tara a Yuni ba ya kaiwa Satumba, lokacin da ɗakin yara ke cika har ƙasa, kuma lokacin ne maza ke can gona ba mai son ya bar aiki. Abin da unguwa ko masallaci ko ƙungiyar manoma za ta iya yi tun bazara shi ne a je a san rukunin jinin kowa, a rubuta sunaye da lambobin waya, a bar takardar hannun majo.

Kai kuma da ake yi wa allurar nan, ko likita ya rubuta maka ko kai ka nemo abinka, kada a sake soka maka ita sai ka riƙe takardar awon jininka a hannu. In ka ga 52, ka koma wurin likita a sake duba adadin da ake ba ka. In ka ga 54, ka dakata, ka je asibiti a cikin makon nan.